Mai Sharar Magariba

Ranar Asabar, gab da magariba, Kamalu ya fito daga ramin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Trocadéro tare da abokan aikinsa biyu. Sanyin Disamba ya mare shi a fuska. Ƙarfe biyar ma ba ta cika ba, amma rana ta riga ta tattara nata ya nata.

Mutumin Damagaram ne, ɗan unguwar Birni. Sati uku ke nan da saukarsa Faransa, an turo shi sitaj, wato koyon aiki, na wata biyu a wani labo da ke binciken ruwan sha a Lyon. Nassim da Hamdiya, da suke aiki ɗaki guda da shi, su suka dage ba zai koma gida bai ga Paris ba. Tun da jirgin ƙasa na safe suka shigo. Sun tsaya gaban Notre-Dame, sun ratsa farfajiyar Louvre, sun hau har ƙolin Arc de Triomphe yana haki yana dariya. Duk inda aka tsaya sai ya miƙa wa Hamdiya salula, ya gyara wuyan sabon mantonsa na sanyi, ta ɗauke shi hoto ya tura wa abokai a Damagaram.

Hasumiyar Eiffel suka bari ta ƙarshe, don a gan ta da wuta.

Dandalin Trocadéro, inda ake hango ta, ya cika maƙil. Masu tallar ƙananan hasumiyoyin ƙarfe suna kaɗa su ƙacau-ƙacau, hayaƙin ƴaƴan itacen marron da ake gasawa a kan gwangwani yana shiga hanci. Kamalu ya samu wuri ya tsaya, ya sa hannu ɗaya a aljihu, yana jiran Hamdiya ta ce ya yi murmushi.

"Babana!"

Tun kafin ya waiwaya ya gane muryar. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiransa haka. Sunan kakansa na wajen uwa aka sa masa, shi ya sa Kawu Ilya, wan mahaifiyarsa, bai taɓa ambatar sunansa ba sai da wannan a gaba. Shekara talatin da ɗaya kawun yana Faransa. Zuwansa gida na ƙarshe, shekara shida da suka wuce, cikin shadda ya sauka tana sheƙi, yara suna bin motar da gudu. Shi ya koya wa Kamalu hawan keke a gangaren duwatsun Birni. Ranar da Kamalu zai taso, mahaifiyarsa Fatsima ta rubuta masa lambar kawun da adireshinsa a takarda, ta haɗa masa ƙunshin yaji da kuka da hula guda ya kai masa. Ƙunshin na nan a akwati a Lyon. Kullum sai ya ce sai ya samu sarari. Da Nassim ya taɓa tambayarsa ko yana da dangi a ƙasar, cewa ya yi kawunsa babban ma'aikaci ne a mairie, wato hukumar birnin Paris.

Ya waiwaya.

Ga Kawu Ilya, taku biyar tsakaninsu. Korayen kayan masu sharar titi ne a jikinsa, da falmaran mai ɗaukar ido. Hannu ɗaya riƙe da doguwar tsintsiyar roba, amalanken shara a gefensa. Gemun ya yi fari fat. Ya ɗaga ɗaya hannun sama, bakinsa har kunne.

"Babana! Kamalu! Ɗan Fatsima, yaushe a gari?"

Nassim ya dubi tsohon, ya dubi Kamalu.

"Tu le connais?" Wato, ka san shi?

Kamalu bai shirya abin da zai faɗa ba. Bakin ne ya riga shi.

"Non. Je ne le connais pas."

Ban san shi ba. Kuma da ƙarfi ya fita, ƙarfin da ya isa taku biyar.

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan jima a fuskar kamar bai ji labari ba. Sannan hannun ya sauko a hankali. Kawu Ilya ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna.

"Pardon, monsieur," ya ce.

Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Shar. Shar. A daidai lokacin hasumiyar ta haskaka da fitilu tun daga ƙasa har sama, jama'a suka ɗauki sowa, salula ɗari ta tashi sama. Kamalu ya tsaya aka ɗauke shi. Ya ma yi murmushin.

A Sevran, gefen Paris, aka haifi Hamdiya, amma babanta mutumin Maraɗi ne. Hausarta ta ji ta fi ta magana. Sai da suka zauna a metro, Nassim ya toshe kunne da waƙa, sannan ta matso.

"Ya ce ɗan Fatsima," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba sunan maman taka ke nan ba?"

"Fatsima nawa ce a duniya?"

Ta maida ido kan taga, inda babu abin kallo sai baƙin bango. Da kallon banza ta yi masa da ya fi sauƙi.

An shirya su kwana, Lahadi su ga Montmartre. Da gari ya waye Kamalu ya ce cikinsa ke ciwo, ya bi jirgin farko ya koma Lyon shi kaɗai.

Ɗakin ma bai karɓe shi ba. Ƙamshin yajin nan ya ratso akwati ya cika ko'ina. Wajen azahar Inna Fatsima ta kira, suka gaisa a gajarce.

"Na ga hotunanka a Paris. Ka gano kawun naka?"

"Ban samu sarari ba, Inna."

"To. Ɗazu muka yi magana da shi. Ya ce kada in takura maka, aikinku da yawa. Ya ce duk ranar da ka je, gidanka ne."

Kawun bai faɗa mata komai ba ke nan. Kamalu ya ajiye salular, ya sa takalmi, ya fita kamar an kore shi.

Ya hau ɗan jirgin da ke jan mutane zuwa tudun Fourvière. Ya zagaya babbar majami'ar, ya zauna a kan matakalar tsohon dandalin wasan Rumawa har sanyin dutse ya ratsa wandonsa. Gari duka yana shimfiɗe a ƙasa, jajayen rufi da koguna biyu. Bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. La'asar ta zo ta wuce bai yi ba, yana cewa in ya koma ɗaki zai haɗa.

Da ƙafa ya gangaro tsohon gari. A labo an sha ba shi labarin traboule, wasu lunguna da ke ratsa cikin gidajen mutane, ka shiga ta ƙofa a wannan titi ka ɓulle a wancan. Ya ce bari ya ga ɗaya kafin ya tafi, tunda ba abin da ke jiransa a ɗaki sai ƙamshin yaji.

Ƙofar ta katako ce, baƙa, mai nauyi. Yana turawa wasu baƙi mata da miji da ƴarsu suna fitowa, suna dariya da yarensu. Ya kauce musu. Ƙofar ta rufe bayansa, gum, hayaniyar titi ta yanke kamar an sa wuƙa.

Soro ne dogo, siriri, rufinsa a lanƙwashe. Fitila ɗaya ce, irin wadda ake dannawa ta yi minti guda ta mutu da kanta. Yana jin agogonta a cikin bango, ƙas, ƙas, ƙas. A dama akwai akwatunan wasiƙa jere, kowanne da sunan mai shi. Warin danshi da tsohon dutse.

Soron ya kai shi wata ƴar tsakar gida. Bango ruwan hoda, matakala mai murɗewa, tsohuwar rijiya a kusurwa an rufe bakinta da ƙarfe. Can sama, ɗan guntun sararin samaniya ya koma launin toka. Magariba ke nan.

Fitilar ta mutu.

Ya laluba bango har ya samu madannin. Kafin ya danna ya ji.

Shar.

Shar.

Daga gaba sautin yake zuwa, daga soro na biyu. Ya ce a ransa mai kula da gidan ne. Ya danna, haske ya dawo, ya ci gaba.

Soro na biyu ya fi na farko tsawo. Nan ma akwatunan wasiƙa a dama. Ya ɓulle tsakar gida. Bango ruwan hoda. Matakala mai murɗewa. Rijiya a kusurwa.

Ya tsaya. Gidajen da ne, ya ce, maginin ɗaya ne.

Shar.

Yanzu daga baya yake.

Ya ƙara sauri. A soro na uku ya kai ido kan akwatunan. Rabin sunayen babu. Ba cire su aka yi ba, takardun na nan farare tas, kamar ba a taɓa rubutu a kansu ba.

Ya zaro salula. Ba layi. Agogon ya ce biyar da minti huɗu. Ya tsaya yana kallonsa yana ƙirga numfashi, har ya kai ɗari. Biyar da minti huɗu.

Sai warin ya sauya. Danshin dutse ya tafi, ƙamshin ƙasa ya zo, irin na tsakar gida in an yayyafa ruwa za a yi shara. Ƙamshin gidansu ne sak. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu, warin ɗakin da aka daɗe da kullewa da abu a ciki.

Ya tuna kakarsa tana fizge tsintsiya daga hannun ƙanwarsa. Ba a shara da magariba, in ji ta. Lokacin wasu ne.

Ya ɓulle tsakar gida ta uku.

Rijiyar ce dai. Amma murfin ƙarfen yana jingine a bango.

Mai sharar yana tsakiya, ya ba shi baya. Korayen kaya, falmaran mai ɗaukar ido. Tsawonsa ya yi yawa. Kansa ya kai daidai tagar bene na farko, ya ranƙwafa kamar mai neman allura. Ƙafafun wandon suna jan ƙasa, ba a ganin abin da ke cikinsu. Yana shara ba gaggawa, yana tura tarin zuwa bakin rijiya.

Kamalu ya dubi tarin. Safar hannu guda-guda. Makullai. Takalmin jariri ƙafa ɗaya. Ƙananan hotuna irin na fasfo. Tsohuwar hula. Tarin yana motsi kaɗan-kaɗan kamar mai numfashi, wani raɗa-raɗa yana fita daga cikinsa, yare-yare, ba wanda ya kama.



"Pardon," ya ce. "La sortie?" Yana tambayar mafita.

Tsintsiyar ta tsaya.

"Je ne le connais pas," aka amsa.

Muryarsa ce. Tasa ta kansa, da ɗan rawar da ta yi jiya a ƙarshen kalmar.

Ya juya zai gudu. Soron da ya fito babu. Bango ne, ruwan hoda, sumul.

Fitilar ta mutu.

Ba madanni. Duhu, sai ɗan hasken toka daga sama. A ciki ya ga abin yana juyowa, a hankali, kafaɗa tukuna sannan kai.

Babu fuska. Ba ido, ba hanci, ba baki. Layi-layi ne kawai, irin wanda tsintsiya ke bari a kan rairayi.

Kamalu ya ja a'uziyya. Abin ya dakata, ya ɗan ja baya. Ya kama Ayatul Kursiyyu, wadda ya haddace tun bai kai shekara bakwai ba. Kalma huɗu ya yi, sauran ta zame masa. Ya koma farko. Ta sake zamewa.

Shar.

"Kai na wane ne?"

Da Hausa aka yi tambayar, a raɗe, daf da kunnensa, alhali abin yana can bakin rijiya.

Ya buɗe baki zai faɗi sunansa.

Babu.

Ya laluba, ya laluba, wurin fari tas kamar takardun akwatunan nan. Ya nemi sunan mahaifiyarsa. Yana ganin fuskarta, yana ganin lallen hannunta, sunan babu. Unguwarsu. Garinsu. Duk shara ɗaya sai wani abu ya bar kansa.

"Mu abin da ba shi da mai shi muke kwashewa," muryar ta ce. "Safar hannu ɗaya. Makulli ba ƙofa. Mutum ba dangi."

"Ina da dangi."

"Jiya ka ce babu. Muna wurin. Mun ji."

Shar. Taku uku ya rage tsakaninsu. Sanyi yana fitowa daga rijiyar yana lasar idon sawunsa.

"Amma ba mu cin haram. Tsintuwa sai da cigiya. Sau uku. In da mai kai, ya amsa."

Suna ɗaya ne ya rage masa. Tun jiya yake ƙona shi, ya manne a ƙirji inda tsintsiya ba ta kai ba.

"Kawu," ya ce.

Da ƙyar shi kansa ya ji. Raɗa-raɗan tarin ya tsaya, ana saurare.

Shiru.

"Ɗaya."

Shar.

"Kawu Ilya!"

Sautin ya hau matakala ya dawo masa. Tagogi duk a rufe, ko labule bai motsa ba.

"Biyu."

Bakin tsintsiyar ya sauka a diddigensa na hagu. Ba zafi ya ji ba, sanyi ne mai shiga ƙashi. Takalmin ya zare kamar an kwance shi, ya gangara ya shiga tari.

Ya faɗi kan gwiwa.

To me zai sa ya amsa? Mutumin da ya ɗaga maka hannu gaban duniya, ka bar shi da hannu a sama. Mutumin da ka sa ya ce maka monsieur. Da shi ne, da ba zai amsa ba. Ya san ba zai amsa ba. Har ya ji wani ɓangare na zuciyarsa yana cewa a bar shi a share, ya fi sauƙi a kan ya sake haɗa ido da tsohon.

Tsintsiyar ta tashi sama.

"Kawu Ilya!" Kuka ne ya fito da shi, ba murya ba. "Ni ne! Ni ne jiya! Na san ka, wallahi na san ka!"

Shiru.

Ƙas, in ji bango. Ƙas.

Layukan fuskar suka motsa, kamar za a ce uku.

Sai daga nesa, nesa ƙwarai, kamar daga ƙarshen wani gari:

"Na'am, Babana!"

Tsintsiyar ta tsaya a sama.

"Na'am! Ga ni!"

Wani dogon tsaki ya cika tsakar gidan.

"Da mai shi," aka ce.

Haske ya dawo. Ƙofa ta buɗe a bayansa, inda ɗazu bango ne. Wata tsohuwar Baturiya ce da kwandon cefane da ɗan kare. Karen ya toge a bakin ƙofa, ya dunƙule wutsiya yana kuka. Kamalu ya rarrafa, ya miƙe, ya bi ta gefenta da gudu tana kiran monsieur, monsieur. Bai waiwaya ba. Bai tsaya ba sai a dandalin Saint-Jean, cikin mutane da fitilu da ƙamshin gasasshen nama, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa.

Ya jingina da bango. Kamalu, ya ce. Kamalu ɗan Fatsima, Birni, Damagaram. Ya maimaita har sau biyar, masu wucewa suna kauce masa. Ayar ma ta dawo, ya karanta ta har ƙarshe.

A ɗaki ya cire safar. Ba ta huje ba. Amma a diddigen akwai layuka bakwai sirara, farare, jere da juna. Har yau suna nan. Likita biyu sun duba, a Lyon da Yamai, kowa ya ce bai ga ciwo ba. In magariba ta yi wurin yakan yi sanyi, ko da a tsakiyar bazara ne, kuma tun daga ranar ba a taɓa ganinsa a waje ba a wannan lokaci sai dai in masallaci za shi.

Litinin bai je labo ba. Ya bi jirgin safe zuwa Paris, ya shiga metro layi na tara har Montreuil, inda kawun yake zaune a wani gidan ma'aikata. Gidan ma'aikatan dogon bene ne da ya sha jiki, tsakar gidansa cike da masu gasa masara da teloli, ƙamshin miyar gyaɗa yana saukowa daga madafa. Ya tambaya aka nuna masa hawa na uku. Ɗaki ne mai gado uku. Wani dattijo yana zaune a kan darduma yana haɗa shayi, ya ce sunansa Abdourahamane, mutumin Tawa, shekara ashirin suna ɗaki ɗaya da Ilya.

"Kai ne Babanai ke nan," ya ce, ya dube shi sama da ƙasa. "Zamna. Shina tahowa, da asuba ya hita aiki."

Ya zuba masa shayi. Sai da Kamalu ya kurɓa sannan dattijon ya ci gaba.

"Wai mi ya hwaru jiya? Mun sallame magariba ke nan, shina jan carbi, sai ya zabura ya dubi bango. Na'am Babana, na'am ga ni. Da ƙarhi, har na maƙwabta suka leƙo. Na ce Ilya lahiya? Bai tanka min ba. Tun Asabar dama ba ya cin abin kirki."

Kamalu ya ajiye kofin.

Wajen ƙarfe ɗaya ƙofa ta buɗe. Kawu Ilya ya shigo da korayen kayansa, ya tsaya. Kamalu ya zame daga bakin gado ya durƙusa.

"Kawu, ina wuni."

"Lafiya lau, Babana. Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya sanyi? Ya ka baro Fatsima da yara?"

Ya bi gaisuwar daki-daki, bai tsallake kowa ba, har maƙwabtan Birni da limamin unguwa. Kamalu yana amsawa kansa a ƙasa. Malam Abdourahamane ya ɗauki butarsa ya fita ya ja musu ƙofa.

Kawun ya zauna yana kwance igiyar takalmi.

"Ka ga tsufa," ya ce, bai ɗago ba. "Ranar Asabar na ga wani yaro a Trocadéro, kamarku ɗaya. Har na kira shi na ba shi kunya gaban abokansa. Ido ya fara yi mini ƙarya."

Ga ƙofa an buɗe masa. Abin da ya rage kawai ya yi ƴar dariya, ya ce Allah sarki Kawu, magana ta mutu har abada.

"Ni ne, Kawu."

Hannun tsohon ya tsaya a kan igiyar.

"Ni ne. Na gan ka, na ji ka. Kayan jikinka na duba."

Ya so ya ƙara, kukan ya hana. Kawu Ilya ya bar shi ya yi mai isarsa. Bai dafa shi ba, bai ce ya isa ba. Da ya lafa sai ya ce:

"Na sani. Ni na yi maka huɗuba, zan kasa gane ka?" Ya ja numfashi. "Ta yi zafi, Babana. Ba zan ce maka ba ta yi ba. Amma Fatsima ba za ta ji a bakina ba, kai ma kada ta ji a naka. Hawan jini gare ta."

Ya tashi ya leƙa waje ya yi magana, aka kawo kwanon shinkafa da miyar gyaɗa. Ya ajiye tsakaninsu, ya wanke hannu, ya tura wa Kamalu ruwan.

Sun yi loma uku ko huɗu, sai kawun ya ce, kamar mai tambayar farashin albasa:

"Ya taɓa ka?"

Kamalu ya ɗago. Bai faɗa wa kowa ba. Ko kalma ɗaya bai yi a kan Lyon ba.

"A ina?" kawun ya sake tambaya.

Kamalu ya miƙe ƙafar hagu ya zare safa. Tsohon ya kama diddigen da hannunsa mai kaushi, ya juya shi wajen taga, ya ƙirga layukan da babban yatsa. Ya yi addu'a ya tofa sau uku.

"Diddige ne kawai. Ka gode wa Allah."

"Kawu, ya aka yi ka san..."

"Shekara talatin da ɗaya ina sharar garin nan," in ji Kawu Ilya. Ya saki ƙafar, ya tura masa kwanon gabansa. "Ka ɗauka mu kaɗai ne ke yi? Ci, tana hucewa."